Kiɗa na canza ɗanɗanon abin sha, ko dabarar 'yan talla ce?

Bulus: Barkanmu da yamma jama'a. A gidan abincin da nake aiki a nan Edinburgh, babban birnin Sikotland, akan shirya zaman ɗanɗana wiski irin wanda suke kira single malt, kuma kowane kofi da kiɗan da ake sa masa. Wiskin tsibirin Islay mai warin hayaƙi, irin su Laphroaig da Lagavulin, sai a haɗa shi da kiɗa mai nauyi, mai kaurin murya. Na yankin Speyside, irin Glenfiddich, mai ƙamshin 'ya'yan itace, sai a sa masa fiyano ko sarewa. Ni dai na tsaya a kan cewa kiɗan yana canza abin da mutum ke ji a baki. Wa ke da ja?

Hajiya Rabi: Bulus ɗana, giya fa kake magana. Yawancinmu a nan Musulmi ne, haramun ce gare mu, kuma akwai yara matasa a zauren nan.

Malam Garba: Hajiya, maganarki gaskiya ce, kuma ba wanda zai kira wani zuwa ga sha a nan. Amma tambayar da ya kawo ta kunne da harshe ce, ta shafi mai shan shayi da mai shan kunu. Idan kin yarda mu tsaya a kanta. Ni kuwa Bulus, ina da ja. Abin da ke cikin kofi ba ya jin kiɗa.

Hajiya Rabi: To, a tsaya a kan ilimin. Ina saurare.

Bulus: Na gode Mama. Malam Garba, ai ban ce ruwan ya canza ba. Dokar wiskin Sikotland ta 2009 ta ɗaure single malt tam: tsiron sha'ir da ruwa kawai, daga masana'anta guda, a tace shi a tukunyar jan ƙarfe, ya kwana aƙalla shekara 3 a gangar katakon oak. Warin hayaƙin nan ma an san tushensa. Wata baƙar ƙasa ce ta ruɓaɓɓun tsirrai da ake tonowa a fadama, ita ake ƙonawa a busar da tsiron. Duk wannan ya gama shiga kwalba tun kafin a kunna komai. Wanda ke canzawa shi ne mai sha.

Dakta Zainab: Bari in sa baki, don na koyar da wannan a aji. Bulus yana da madogara. Akwai Farfesa Charles Spence na Jami'ar Oxford, wanda ya daɗe yana bincike kan yadda gaɓoɓin ji ke cuɗanya da juna. A 2004 shi da Massimiliano Zampini suka ba mutane soyayyen dankalin Pringles, suka sa musu na'ura a kunne mai mayar musu da ƙarar taunarsu. Da aka ƙara sautin, sai mutane suka ce dankalin ya fi ƙamas, ya fi zama sabo, alhali duk iri ɗaya ne. Daga baya shi da wata abokiyar aikinsa suka gwada da alawa mai zaƙi da ɗan ɗaci. Sauti mai siririyar murya ya sa an fi jin zaƙin, mai kauri kuma ya fito da ɗacin. Tasirin ba babba ba ne, amma an auna shi.

Malam Garba: Dakta, dankali daban. Ƙarar tauna ai wani ɓangare ne na cin abincin kansa. Kiɗan da ke tashi daga lasifika kuwa baƙo ne. Ina shaidar da ta shafi wiskin?

Dakta Zainab: Akwai, Malam. A 2013 a Landan an shirya ɗakuna uku, aka ba mutane sama da 400 wiskin The Singleton, kowa ya riƙe kofinsa yana zagayawa. Ɗaki na farko kore ne, da ciyawa a ƙasa da kukan tsuntsaye. Na biyu ja, da sautin ƙananan ƙararrawa. Na uku na katako, da ƙarar wuta tana cin itace. A koren ɗaki suka ce yana ƙamshin ɗanyar ciyawa, a ja suka ce ya fi zaƙi, a na katako suka ce ɗanɗanon itace ya fito. Bambancin ya kai kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari.

Malam Garba: Yauwa, nan nake jira. Wa ke da The Singleton? Kamfanin Diageo, kuma don tallata wiskin aka shirya taron. Wannan ɗaya. Na biyu, wanda ya fi damuna, a kowane ɗaki an canza haske, an canza ƙamshi, an canza ado, an canza sauti, duk a lokaci guda. Mutumin da ke tsaye a kan ciyawa yana shaƙar ciyawa, aka tambaye shi ko yana jin ciyawa a kofinsa, me kike so ya ce? Da me za a raba rabon kunne da rabon hanci da ido?

Dakta Zainab: A wannan na ba ka gaskiya, gwajin bai ware sauti shi kaɗai ba. Amma ga wanda ba mai talla a bayansa. A 2015 masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka sun sa wa mutane ƙarar cikin jirgin sama, kusan desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti. Jin zaƙi ya ragu, ɗanɗanon nan irin na romo da tumatir kuma ya ƙaru. Sauti kaɗai aka canza.

Yusha'u: Gafara dai manya. Ni ina ganin kuna cakuɗa abu biyu. Hayaniya mai toshe kunne ta rage jin zaƙi, wannan na yarda. Amma a ce wannan waƙa ce ta dace da wannan kwalba, kamar yadda ake yi a wurin su Yaya Bulus, wa ya auna haka? Wanda ya tashi da kukuma da kalangu, fiyano ba zai taɓa masa zuciya yadda yake taɓa ɗan Edinburgh ba. In an sa maka kiɗan da kake so, ranka ya yi fari, komai ka sa a baki zai yi maka daɗi.

Bulus: Ƙanena, to ai wannan ma canji ne. Kuma abin da nake gani shi ne idan kiɗa ya yi sanyi mutane na rage hira, su daɗe suna shinshina kofin, su ambaci ƙamshin da da ba su kula da shi ba. Kiɗan yana jan hankali zuwa wani sashe na abin da tun farko yake ciki.

Malam Garba: In dai jan hankali kake nufi, ba mu da faɗa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tsara jadawali, a ce Lagavulin sai da kaza, a karɓi kuɗin mutane a kan haka kamar ilimi ne tabbatacce.

Bulus: Jadawalin ra'ayin mai shirya zaman ne, ban musa ba. Amma kaurin sauti da ɗaci, siririn sauti da zaƙi, a nan ba zan janye ba.

Ma'aruf: Salamu alaikum daga Agadas. Mu nan shayi tukunya uku muke yi, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, kuma da wuya a zauna ba a sa jitar Buzaye ba. Ba sai an je Sikotland ba. Ku bari mu gwada a fadarmu.

Dakta Zainab: Madalla, Ma'aruf. Amma kada ka kwatanta tukunyar farko da ta uku. Dafa tukunya ɗaya, ka raba wa kowa kofi biyu masu zafi ɗaya da sukari ɗaya, kada ka faɗa musu abu guda ne. Ɗaya a sha da sautin sarewa, ɗaya da ganga mai kauri. Rabin mutanen su fara da sarewa, rabi su fara da ganga, kowa ya rubuta makin zaƙi daga 1 zuwa 10 ba tare da ya ji na ɗan'uwansa ba.

Malam Garba: A ƙara kofi na uku da za a sha shiru, ba kiɗa ko kaɗan. Kuma mai tattara makin kada ya san wane ɓangare nake goyon baya.

Ma'aruf: An gama, Malam. Ranar Juma'a bayan la'asar, in Allah ya yarda, zan kawo muku sakamakon.