Totur ɗin 504 bashe ya ƙi komawa ralanti, ina ya kamata in maƙala rasor?

Mai Bashe, Tawa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Peugeot 504 bashe mai karburater Solex, da ita nike jigilar albasa da hatsi tsakanin Tawa, Badagishiri da Ƙonni. Rasor ɗin da ke maido da totur ya tsinke daga ƙugiya, ɗan ƙarfen da ake maƙala shi ma ya karye. Yaron garaji ya samo wani rasor mai kauri, ya sa shi a ƙasan hannun karburater, ya ja shi baya wajen direba ya ɗaure. Kabul ɗin totur da ke zuwa daga feda kuwa a saman hannun yake, shi ma baya yake ja.

Tun sannan feda ta yi tauri, kafin in kai Tsarnawa ƙafata ta gaji. Abin da ya fi damuna, in na ɗaga ƙafa inji ba ya sauka sai na sa babban yatsa na ɗago fedar. Ranar Lahadi a bakin kasuwa, ga amalanke ga jakuna, ga mutane a bayan mota, inji ya yi ta kuka ya ƙi sauka. Allah ne ya tsare. Wani ya ce in ƙara da robar taya. In sa rasor mafi ƙarfi ne, ko wurin ne ba daidai ba?

Tsohon Makanise, Yamai:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ajiye motar nan tukuna, kada ka sake ɗaukar rai a cikinta har an gyara. Batun roba kuma ka bar shi, zafin inji da esansi za su cinye ta, ta tsinke maka a lokacin da ba ka zata ba.

Kaurin rasor ba shi ne magani ba. Totur mai lafiya ɗan rasor mai laushi ya ishe shi. In ka ga ana neman mai kauri, to akwai abin da ke riƙewa a wani wuri. Kashe inji, ka cire kabul daga karburater, ka juya hannun da yatsa ka saki. In ya koma da kansa har ka ji ya bugi kusar ralanti, wadda ke daidaita kukan inji in ba a taka feda ba, laifin na kabul ne ko feda. Ka zaro kabul daga kubensa ka duba: ƙurar hunturu tana haɗuwa da mai ta daskare a ciki, wani lokaci kuma silin waya ɗaya ne ya tsinke yana kartar kuben. Mai tsinkakken sili ba a gyara shi, sauyawa ake yi.

Yanzu wurin maƙalawa, wanda shi ne yaron bai gane ba. Kabul na ja daga sama zuwa baya, rasor na ja daga ƙasa zuwa baya. Haƙiƙa rasor zai rufe papiyon, wato faifan da ke buɗe da rufe hanyar iska a maƙogwaron karburater, amma ƙarfin su biyun duka a kan sandar papiyon yake sauka, suna danna ta gefe guda. Jikin karburater ƙarfe ne mai taushi, sandar za ta yi ta cin raminta har ya buɗe. Daga nan iska ta riƙa shiga ta gefe, ralanti ya ƙi zama, papiyon ya riƙa cijewa a jikin maƙogwaro. Na ga Solex da yawa da aka kashe ta wannan hanya, kuma mai kyau yanzu wuyar samu gare shi.

Daidai shi ne ka maƙala rasor a saman hannun, kusa da inda kabul ya kama, ya ja gaba wajen radiyater, a layi ɗaya da kabul. Haka jan wannan zai kashe jan wancan, sanda ta huta. A yanka ƙarfe mai ɗan kauri na maƙala ɗayan bakin rasor, a ɗaure shi da kusa a jikin inji, ba a jikin mota ba, don inji yana motsi a kan robobinsa. Ko papiyon na rufe, rasor ya kasance da ɗan ja, kada ya yi lakwas. In an taka har ƙasa kuma kada ya miƙe ya wuce ƙarfinsa, kada ya gogi tiyo ko gidan filtar iska.

Ɗan Taksi, Wadata:

Baba ya gama magana. Ni dai zan ƙara: ka sa rasor biyu masu laushi, siriri a cikin mai faɗi, in ɗaya ya tsinke ɗayan ya maido ka. A Amurka ma doka ce tun shekarun 1970, dole mota ta zo da abu biyu masu rufe totur. Kuma in ya sake maƙale maka a hanya, taka ambarayaj da birki, ka murɗa makulli mataki ɗaya kawai. Kada ka zare shi, sitiyari zai kulle.

Mai Bashe, Tawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, mun yi yadda ka ce. Kabul ɗin ya yi baƙi, kubensa ya narke a wuri ɗaya. Sandar kuma in na girgiza ta tana ɗan wasa. Karburater ɗin ya tafi ke nan?

Tsohon Makanise, Yamai:

Narkewar kube ba aikin ƙura ba ce, ɗana. Ka duba wayar mas da ke haɗa inji da jikin mota. In ta tsinke ko ta yi tsatsa, wutar demarer takan bi ta kabul ɗin totur ta ƙone shi, ka sa sabo ma haka zai yi. Gyara ta kafin komai.

Sanda kuwa, ɗan wasa kaɗan ba ya kashe karburater. Tayar da inji ya yi zafi, ka fesa maganin wanke karburater kaɗan a bakin sandar, nesa da tartsatsi. In kukan inji ya sauya, iska na shiga, sai ka kai wa mai injin tur, wato mai feƙe ƙarfe, ya sa mata zoben tagulla. In bai sauya ba, ci gaba da aikinka. Wajen ɗaura sabon kabul ka bar masa ɗan saki kamar milimita 2, ka sa yaro ya taka feda har ƙasa inji a kashe, kai kuma ka leƙa ka ga papiyon ya tsaya a miƙe, ya kuma rufe da zarar ya ɗaga ƙafa.