Ƙanina direban tirela ne kuma yana shan wiwi, ya zan yi?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ke jan tirela daga Apapa zuwa Kano. Ranar Laraba na raka shi har Ojota, idonsa ja wur, motocin gaba sun tafi, ana ta danna masa hon, bai motsa ba sai da na taɓa kafaɗarsa. Wai wiwi ce ke hana shi gyangyaɗi a hanya. Da gaske ne? Wallahi hankalina ya tashi.

Baban Hauwa, Mile 12:
Wa alaikumus salam. Ba haka ba ne, Malam. Sinadarin THC da ke cikinta yana jinkirta taka birki, mutum ya kasa auna tazarar motar gabansa, kuma mayen kan ɗauki awa uku zuwa huɗu. Shekara takwas na yi ina jan danfo, motar haya ta Legas. Masu sha sukan ce ai a hankali suke tafiya, amma kana bayansu za ka ga motar na zamewa zuwa layin wani.

Hajiya ta Idi-Araba:
Ɗana, kar ka yi masa faɗa gaban yaran mota. Sa mahaifiyarku ta kira shi. Ga kuma jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a hanyar Lokoja.

Ɗan Agege:
Na gode Hajiya. Jibi zai yi lodi, yau da daddare zan kira Inna.