Wa ya taɓa bin bakin teku da iyali a mota? Katsina zuwa Ghana

Abban Yusra: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Hutun Disamba ina son in kwashi uwargida da yara huɗu a Sienna, mu gangara Legas, daga nan mu bi bakin teku ta Kwatano da Lome har Ghana. Kwana 14 gare ni, daga fita har dawowa. Babbar shekararta 15, autan 4. Ruwa mafi girma da suka taɓa gani shi ne dam ɗin Ajiwa. Wanda ya taɓa bin hanyar nan ya taimaka da inda ya kamata a tsaya da inda ba ya da amfani.

Na Daura: Wa alaikumus salam. Kai da ka zo neman shawara, to fara da allurar shawara. Ba wasa nake ba, katin rigakafin zazzaɓin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, ana tambayarsa a kan iyaka, kuma na kowa da kowa har autan. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, kada ka bari sai ana jibi tafiya.

Baba Direba: Alhaji, na yi shekaru ina ɗauko motoci daga Kwatano, bari in yi maka lissafin da ba ka yi ba. Katsina zuwa Abuja yini guda. Abuja zuwa Ibadan ko Legas ta Lokoja da Okene wani yinin, kuma da yara a baya ba ka tuƙin dare. Dawowa ma haka. Kwana huɗu sun tafi ba ku ga ko kifi ba. Saura 10. Iyaka uku za ka ƙetare, Seme, Hilakonji, Aflawo, ka sake ƙetare su a dawowa, shida ke nan. Kowace tana iya cin awa ɗaya, tana iya cin rabin yini, ya danganta da ranar da ka taka. Ni da ni ne, Lome zan yi burki in juyo.

Abban Yusra: Baba, Ghanar ce fa ta sa aka shirya tafiyar. Yusra ta karanta labarin kurkukun bayi na Elmina a makaranta, tun daga nan ba ta bar ni na huta ba.

Baba Direba: To ka ji ta nan. Ni dai na faɗi tawa. In ka dage, takardu: fasfo na kowa, biza ba ka buƙata tunda duk ƙasashen ECOWAS ne. Fatikular mota ta asali, sunan da ke jiki ya zama naka. Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card. A kowace iyaka kuma za a yanka wa motar takardar shiga ta ɗan lokaci, ka adana ta kamar ranka don da ita za ka fito. Ka yi hoton komai kashi biyar-biyar. Na taɓa kwana a mota a wani shinge saboda harafi ɗaya na lambar inji bai yi daidai da takarda ba.

Malama ta Rafindadi: Yaya Abban Yusra, kada ku wuce Badagiri a guje don kuna hanzarin Seme. Mun kai ɗalibai shekarun baya. Akwai gidan Seriki Abass, inda ake tsare bayi kafin jirgi ya zo, ɗakuna ne ƙanana da 'yar taga can sama, ga sarƙoƙin nan har yau, mai yi maku bayani zai ɗora wa yaro ɗaya a hannu ya ji nauyinta. Daga nan a shiga kwalekwale a ƙetara tsibirin Gberefu, a taka cikin yashi har bakin teku, inda aka ce wanda ya kai nan ba ya komowa. Ku je da sassafe, yashin yana ƙuna da hantsi, kuma ku tabbata an ba kowane yaro rigar ceto kafin ya sa ƙafa a kwalekwale. In Yusra ta ga wannan, ko ba a kai Elmina ba ta ga rabin abin da take nema.

Na Daura: A nan ne kuma za su nuna maku benen 1845 su ce shi ne bene na farko a Najeriya.

Malama ta Rafindadi: Sun faɗa mana haka. Wani ɗalibina ya ɗaga hannu ya ce, Malam, ka taɓa jin hasumiyar Gobarau? Mutumin ya ce a'a. Yaron ya ce to ka zo Katsina ka hau, ka ƙirga matakala. Da ƙyar na riƙe dariya. Benen dai na 'yan mishan ne, yana da kyaun gani, amma minti 20 ya ishe shi.

Maman Khalifa: Ni maganar da zan yi uwargida nake yi wa, Abban Yusra ka miƙa mata waya. Hajiya, tekun nan ba dam ba ne. Tun daga Legas har Ghana igiyarsa tana da ja, ruwan da ya zo ya doki ƙafarki in zai koma sai ya kwashe yashin da kike tsaye a kai. A Grand Popo ta ƙasar Benin ina riƙe da hannun Khalifa, ruwa iya idon sawu, igiya ɗaya ta zo ta zaunar da mu duka biyun, takalminsa ɗaya har yau yana can. Masunta da aka haifa a wurin ma suna shakkarsa. Yara su yi wasa a busasshen yashi, su tsinci kwanson kifi da na dodon koɗi, in sun matsa sai sun jiƙa jiki a nemi masauki mai tafkin wanka. Na biyu, zafin can ba irin namu ba ne. Namu na ƙuna, nasu na gumi, kaya ba ya bushewa a jiki. Ki bar shadda da leshi a gida, atamfa marar nauyi da hijabi mai shara-shara sun fi. Ki tafi da gidan sauro ko biyu, ba kowane masauki ke da shi ba.

Abban Yusra: Ta karanta, ta ce a gaishe ki, kuma wai dama ita ba ta yi niyyar ko taɓa ruwan ba.

Ɗan Canji: Maganar kuɗi. Benin da Togo sefa suke ci, irin wadda muke kashewa a Maraɗi, ba bambanci. Ka canza tun nan gida wurin wanda ka sani, ka nemi ƙananan takardu, jika-jika da 'yan silalla, saboda kuɗin hanya da mai kwakwa ba su da canjin jika goma. Ghana sidi ne, wannan sai ka isa Aflawo, kuma ka ƙirga a gaban mai canjin kafin ka miƙa naka. Kada ka dogara da katin banki.

Alhaji na Layout: Abban Yusra, ni na yi wannan tafiya da iyali har Elmina, kuma ban yi nadama ba, sai dai mu kwana 18 muka yi. A Benin wuri uku zan ce maka. Na farko Porto Novo, babban birninsu, mutane suna wuce shi don hanyar Kwatano ba ta shiga ciki. Akwai babban masallaci da bayin da suka komo daga Brazil da zuriyarsu suka gina, in ka hango shi sai ka rantse coci ne, ga fenti kala-kala. Mun yi azahar a unguwar. Na biyu Ganbiye, garin da ke kan tafkin Nokuwe, gidaje bisa turaku, kasuwa a cikin kwalekwale, yaro ɗan shekara shida yana tuƙa nasa shi kaɗai. Kakanninsu gudun maharan masarautar Dahome masu kamen bayi suka yi suka shige ruwa. A Kalabi ake ajiye mota a hau jirgi, ku yi ciniki ku gama kafin ku shiga, kuma mutanen garin ba su son a ɗauke su hoto ba izini. Na uku Wida. Daga cikin gari zuwa bakin teku kamar kilomita 4 ne, hanyar da ake kora bayi, a ƙarshenta akwai babbar ƙofar tunawa da aka gina a 1995. Kwatano kanta ba ta dame ni ba, ban da gunkin jarumar Dahome mai tsawon mita 30 da suka kafa a 2022, ku tsaya ku yi hoto ku wuce. Ka yi hattara da 'yan acaɓarsu masu rigar ruwan ɗorawa, ko Kano a zamanin acaɓa ba ta kai su yawa a ido ba.

Na Daura: Ranka ya daɗe ka manta ɗakin mesa na Wida, inda ake rataya wa baƙo maciji a wuya.

Alhaji na Layout: Ban manta ba, tsallakewa na yi. Wurin bautarsu ne, ni ban shiga ba, daga bakin ƙofa na juya. Wanda ya ga zai iya, shi ya sani.

Na Daura: Mu dai tun da Bayajidda ya gama da ta Kusugu ba mu sake harka da maciji ba.

Maman Khalifa: Allah Ya shirye ka. Abban Yusra, a Grand Popo ku kwana biyu, nan ne hutun yake. Ba hayaniya, itatuwan kwakwa ne jere, da safe masunta suna jan koma su ashirin ko fi suna waƙa, yarana har sun kama igiyar sun ja tare da su. Ana shiga jirgi a kogin Mono har inda ya haɗu da teku. Abinci kuwa ku tsaya a kan kifi, a gasa a gabanku. Nama sai kun tambaya, ana cin alade sosai a yankin. In kuna son tuwo da nama hankali kwance ku tambayi Zango, Kwatano da Lome duk akwai, za ku ji Hausa kamar kuna Ƙofar Ƙaura.

Alhaji na Layout: Togo ba ta da faɗi ta bakin teku, ba ta kai kilomita 60 ba, kuma iyakar Ghana a cikin garin Lome take, titi na ƙarewa sai shinge. Ka tuna daga Togo agogo ya koma baya da awa ɗaya, kada ka tada yara sallar asuba da agogon Najeriya kamar yadda na yi. A Accra ku yi Juma'a a babban masallacin Kanda da aka buɗe a 2021, ginin Turkawa ne, irin na Istanbul. Ku shiga Nima da Sabon Zango. Shi Sabon Zangon, Malam Baƙo ya kafa shi, mahaifinsa kuwa daga Katsina ya je, saboda haka gida za ku. Da safe koko da ƙosai, su ma haka suke kiransu, shinkafa da wake kuma sun maida ita waakye, sunan ma namu ne. Daga Accra zuwa Cape Coast kamar kilomita 150, amma ku fita kafin gari ya waye saboda cunkoson Kasoa, wadda ita ma kasuwa ce aka lanƙwasa. Kurkukun Elmina yana nan kusa da Cape Coast, 'yan Fotugal suka gina shi a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637. Abin da ya tsaya mani a rai, ɗakin da ake tara mata a ƙasa, duhu da wani wari da har yau bai fita ba, sama da shi kuma ɗakin gwamna mai tagogi iska na kaɗawa. Uwargidana ta fito ba ta yi magana ba har muka isa masauki. Autanka kada a shiga da shi, wani ya zauna da shi a waje ya kalli jiragen masunta.

Malama ta Rafindadi: Alhaji, gadar sama ta dajin Kakum fa?

Alhaji na Layout: Tana kusa, gadoji bakwai na igiya a kan itatuwa, wajen mita 40 daga ƙasa. Manyan yaran za su so ta. Ni na yi ɗaya na ce Allah Ya isa tsakanina da sauran.

Baba Direba: In don gadar igiya ce akwai ta a Lekki, mita 401, ba sai an canza sidi ba. Alhaji na Layout ya ce kwana 18 ya yi, ku dai kun ji da kunnenku.

Abban Yusra: Na ji, Baba. Mun zauna da uwargida da takarda da biro. Badagiri kwana ɗaya, Kwatano biyu saboda Porto Novo da Ganbiye, Wida a kan hanya, Grand Popo biyu. A nan za mu duba jikin yara da aljihu. In da sauran ƙarfi mu bar Lome a tsaye mu miƙe Cape Coast, Accra a dawowa. In babu, mu juyo. Yusra ta ce ba ta yarda da rabin nan na biyu ba. Gobe zan nemi ƙarin kwana uku a wurin aiki.

Baba Direba: Allah Ya sa su ba ka. Kafin ka tashi a duba lagireto da fanbel da birki, safaya biyu, ba ɗaya ba. In kun dawo kuma a wanke ƙarƙashin motar da injin feshi tun a Ibadan, iskar gishiri tana cin ƙarfe.

Maman Khalifa: Kuma in kun je Grand Popo ku duba mani takalmin Khalifa, na hagu ne, shuɗi.