Fim ɗin gandun kiwo da ke raba kan 'yan kallo: yaya za a haska shi a Damagaram?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum. Ƙungiyarmu ta masu kallon sinima za ta haska The Power of the Dog na Jane Campion, wanda ya fito a 2021. Abin da ke damunmu shi ne martanin jama'a. Wasu na cewa babu abin da ya faru a cikinsa, wasu na tashi tun kafin rabi, waɗanda suka kai ƙarshe kuma sai ka ji suna tambayar me ya kashe Phil, jarumin fim ɗin. Masana, ina matsalar take, kuma wane shiri za mu yi?

Malam na Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. Matsalar farko ita ce abin da mutum ya zo da shi a ransa. Wanda ya ga hula da doki a hoton talla yana jiran harbe-harben kaboyi, wanda aka ce masa fim ɗin soyayya ne yana jiran waƙa irin ta Indiya ko ta Kano. Babu ko ɗaya. Labarin gida ne: a Montana ta Amurka a 1925, wa da ƙane, Phil da George, suna da babban gandun shanu. George ya auro bazawara, Rose, ta zo da agola, Peter, mai karatun likita. Phil ya tsane ta, ya bi ta da gori da fito da kiɗan banjo har ta faɗa shan giya a ɓoye. In kuka faɗa wa jama'a tun farko cewa rikicin amarya da yayan miji ne, da agolan da aka raina, za su zauna, don wannan kowa ya san shi.

Ta biyu, fim ɗin ba ya bayani da baki, da hannu yake yi. Kafin ku kunna ku ce musu abu ɗaya tak: ku lura da wanda ke sa safar hannu da wanda ba ya sawa. Kada ku ƙara komai a kai. Phil na fiɗiye maruƙa da hannu tsirara. Peter kuwa sai da ya sa safa kafin ya yanki fatar mushen saniya a daji. Mai kallon da wannan ya wuce shi, ƙarshen ma zai wuce shi.

Ku sani kuma ba na yara ba ne. Akwai wankan rafi ba tufa, akwai kuma abin da Phil ke ɓoyewa a zuciyarsa game da marigayi maigidansa Bronco Henry. A nan ne ɗaki ke ɗaukar gunaguni, don haka ku sanar da manya tun a takardar gayyata.

Hajiya ta Garin Malam:
Malam ya yi gaskiya, amma ni a ganina mutanenmu sun fi Turawa damar gane ƙarshen nan, garin da ke da majema da dukawa da mahauta. Cutar da ta kashe Phil ita ce ciwon saifa, wadda malaman dabbobi ke kira sharbon. Tun wajen kora shanu a farkon fim an nuna mushe, Phil ya ce a nisanta garke da shi. Makiyayin Tanut ba ya buƙatar fassara a nan: dabba ta faɗi farat ɗaya, ta kumbura da wuri, baƙin jini da ba ya daskarewa na fita ta hanci da dubura, in an yi gangancin buɗe ta a tarar da saifa ta yi suntum.

Ga yadda abin ya ƙullu. Phil na tufka wa Peter igiyar kiri. Ya ji ciwo a hannu, bai ɗaure ba. Rose ta bayar da ƙiragan da ya saba ƙonawa, ya rasa fatar ƙarasa igiya, sai Peter ya kawo tasa, ta mushen da ya yanka a daji. An jiƙa ta a ruwa, Phil ya tsoma hannu mai buɗaɗɗen rauni a ciki. Ƙwayar cutar na rayuwa shekaru da dama a ƙasa da kan busasshiyar fata, shanya ba ta kashe ta, ta rauni kuma take shiga.

Inda masu sana'a za su yi gardama, kuma da hujjarsu, shi ne saurin abin. Sharbon na fata yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa bakwai kafin ƙurji ya fito, ya yi baƙin ɓawo a tsakiya, gefensa ya kumbura, ba ya ma cika zafi. Mafi yawan waɗanda suka kamu da irin wannan suna rayuwa ko ba magani, wajen ɗaya cikin biyar ne ke mutuwa, su ne waɗanda ta shiga jininsu. Fim ɗin ya gajarta kwanakin. Amma a 1925 babu penisilin, sai 1928 aka gano shi, don haka mutuwar ba ƙarya ba ce. In da hali ku gayyato malamin dabbobi ya yi minti goma bayan kallo: ba a feɗe irin wannan mushe, ba a jan sa a ƙasa, a ƙone shi ko a binne a rami mai zurfin mita biyu, garke kuma a yi masa rigakafi duk shekara.

Mai Injin Kallo:
Hajiya, duk wannan sai in an ga hoton. Daren tufkar igiya a cikin rumbu aka ɗauke shi, da ɗan haske kaɗan. A fili, da fitilar mai shayi a gefe, baƙi kawai za a gani, raunin hannun da ruwan da ya yi ja su ɓace. Ku fara bayan Isha'i, ku kashe duk ƙwan da ke kusa da allo, kuma in ƙarfin hasken majigin bai kai lumen 3000 ba kada faɗin allon ya wuce mita biyu da rabi. Bango mai farar ƙasa ya fi zanen da iska ke kaɗawa.

Sauti ma haka. Fiton Phil daga saman bene da sawun takalminsa su ne ke firgita Rose, in gurup, wato injin wuta, na ruri kusa ba wanda zai ji, sai a ɗauka matar ce kawai ba ta da hankali. Ku kai shi mita ashirin bayan katanga da doguwar waya, ku cika masa mai na awa uku ko da akwai kuran, don fim ɗin ya ɗan haura awa biyu.

Kada mai fassara ya yi magana a kan hoto, shirun nan na cikin aikin. An raba fim ɗin babi biyar, kowanne da lambarsa a baƙin allo. A nan za ku tsayar, a yi bayanin Hausa na minti biyu, a ci gaba. Rubutun Faransanci a ƙasa ya ishi 'yan lakkwal.

Malam na Zango:
Na yarda, sai dai tsayawar ƙarshe a bar ta, babi na huɗu da na biyar su tafi a haɗe. Bayan an kunna fitila kuma kada ku tambayi ko ya yi daɗi. Ku tambaya: Peter ya ceci uwarsa ne ko ya yi kisan kai? Ku fara ba mata dama, don su ne suka fi lura da halin da Rose ta shiga, sannan a ba matasa.