Yaya za mu shirya taron ma'aikatan laburare ba tare da mun kori masu otizim da ADHD ba?

MaiKatalogi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. An sa ni a kwamitin shirya taron shekara na ƙungiyarmu ta ma'aikatan laburare. Na kwana biyu ne, kuma ni aka ɗora wa tsarin zaure da jadawali. Damuwata ita ce akwai abokan aiki masu otizim (yanayin ƙwaƙwalwa da ke shafar mu'amala da mutane da jure hayaniya) ko ADHD (wahalar tattara hankali da zama wuri ɗaya) ko disleksiya (wahalar karatu da rubutu) da ba sa zuwa sam, ko su zo da safe su ɓace kafin azahar. Akwai wata a sashenmu, kallo ɗaya za ta yi wa lambar Dewey da ke bayan littafi, wato lambar da ake bi wajen jera littattafai a kanta, ta ce an saka shi ba a muhallinsa ba, kuma in ka bincika gaskiyarta ne. Amma ba ta taɓa gabatar da takarda ba, ba ta cikin kwamiti ko ɗaya.

Shugabanmu ya ce a ware ɗaki guda na shiru, sannan a sa layi a fom ɗin rajista cewa mai buƙata ta musamman ya rubuta. Ni dai a raina bai isa ba, sai dai ban san abin da zan ƙara ba, ga kuɗin da aka ware mana ba yawa. Wanda ya san kan abin ya taimaka.

BayanKanta:

Wa alaikumus salam Malam. Ina da otizim, kuma sai da na girma har na daɗe a bakin aiki aka tabbatar min.

Fara da layin fom ɗin nan. Ni ba zan cike shi ba. Wa zai karanta? Wataƙila wanda zai zauna a kwamitin ƙarin girmana ne. Manya da yawa kuma, musamman mata, ba su da wata takardar likita da za su nuna. Abin da suka sani kawai shi ne taro yana galabaitar da su. Duk abin da za ku yi, ku yi wa kowa, ba sai mutum ya tona kansa ba.

Abin da ya fi yi min amfani ba ya cin ko sisi: ku turo jadawali mako guda kafin taron, amma mai cikakken bayani. Wane zaure, ƙarfe nawa za a fara, ƙarfe nawa za a tashi, zama ne na saurare ko za a raba mu rukuni-rukuni, za a kira suna a ce mutum ya yi magana ko a'a. Ku haɗa da hoton ƙofar shiga da na teburin rajista. In aka sauya zaure, a rubuta a allo, kada a sanar ta makirufo cikin hayaniya kawai. Don Allah kuma ku jefar da wasan nan na buɗe taro, wai kowa ya miƙe ya faɗi abin ban dariya game da kansa. Tun daga mutum na farko na daina jin kowa, ina can ina haɗa jimlata.

Dogon ƙwan fitilar nan da ke ƙyafta haske yana ƙara siririya, ku ba ku jin sa, ni kamar a cikin kaina yake. In zauren yana da tagogi, a kashe rabin fitilun. A gwada makirufo kafin mutane su shigo. Ɗakin shirun kuma in ba a liƙa dokarsa a ƙofa ba, kafin rana ta yi tsaka ya zama ɗakin amsa waya da cajin kwamfuta. Na sha gani.

Amma ga inda nake so ka tsaya. Ba a cikin zaure ake samun ribar taro ba. A lokacin hutu ne, a tsaitsaye, cikin surutu, ake cewa "ke, ba za ki shigo kwamitinmu ba?" ko "akwai gurbi a wajenmu, turo takardunki". Wannan lokacin ne daidai nake fakewa a ɗakin shiru. To ka ga in ɗaki kawai kuka ba ni, kun sama min wurin hutawa ne yayin da ake rabon damar a waje. Abokiyar aikinka ba ƙwarewa ta rasa ba, wannan hutun ne ya fi ƙarfinta.

Akwai mafita, kuma masu otizim ɗin ne da kansu suka fito da ita. A taronsu na Autreat da aka fara a Amurka a 1996, an riƙa rataya kati mai launi: kore yana nufin ina son a yi min magana ko da ban iya farawa ba, rawaya sai wanda na sani, ja kuma a ƙyale ni yanzu. Mutum yana juya katin yadda ya ga dama. Koren nan shi ne ya fi muhimmanci a wurina, don sau da yawa ina son hira, shiga da'irar ce ban iya ba. Ku ƙara da tebura masu take a lokacin hutu: wannan na katalogi, wancan na sashen yara, kujera shida-shida. In na san a kan me za a yi magana, sai kun gaji da ni. Guraben kwamiti kuma a rubuta su a takarda, mai so ya sa suna.

Ɗan Sashen Yara:

Malama BayanKanta ta gama magana, sai dai kada a ɗauka dukkanmu shiru muke nema. Ni ADHD da disleksiya gare ni, zama awa biyu a kujera ɗaya shi ne azabata. Ku bar fili a bayan zaure inda mutum zai tsaya ko ya ɗan taka, mai gabatarwa kuma ya faɗa tun farko cewa fita da shigowa ba laifi ba ne. A turo abin da za a haska a allo tun kafin ranar. Ba na iya karanta rubutu cunkushe ina kuma sauraron mai magana. Tambayoyi a karɓa ta hanya biyu, da baki da rubutu, domin ni baki ya fi min sauƙi, ita kuwa na tabbata rubutu.

Wani abu kuma: kiran gabatar da takarda. In dole sai dogon rubutu, irina sun faɗi tun a ƙofa. Ku karɓi muryar minti uku.

Tsohon Ma'aikaci:

Na shugabanci irin wannan kwamiti kafin in yi ritaya. Ina da ja a kan katin launi. In mutum biyar ne kawai suka rataya a cikin ɗari biyu, kun yi musu tambari ne, kowa zai nuna su. Ko igiyar wuya mai furen sunfulawa da aka fara a filin jirgin Gatwick na Ingila a 2016, don masu naƙasar da ido ba ya gani, ai ganin dama ce, kuma a cikin baƙi ake sa ta, ba gaban shugabanka ba. In za ku yi, a saka katin a jakar kowa, shugaban taro ya fara ratayawa.

Shi kuma shugabanku, in ya ce alfarma ake nema, a tuna masa Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa. Sashe na 27 ya ambaci gyaran da ya dace a wurin aiki, da damar horo da cigaba. Sannan mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: wa kuka sa a kwamitin daga cikinsu?

BayanKanta:

Gaskiyarka Baba, a ba kowa katin. Amma batun kwamiti a yi hattara, kada Malam ya je ya tari baiwar Allah a ofis ya ce "ke da kike da kaza, zo ki ba mu shawara". A aika wa duk membobi tambayoyi ba tare da neman suna ba, a kuma buɗe gurbi ga mai so. Wani masani ɗan Birtaniya mai otizim, Damian Milton, ya rubuta a 2012 cewa rashin fahimtar nan ta ɓangare biyu ce: yadda muke wahalar karanta ku, haka ku ma kuke wahalar karanta mu. Shi ya sa nake so a ɗan yi wa masu jagorantar zama bayani. In ban kalli idonka ba ina jin ka sarai, in kuma na yi tambaya kai tsaye ba gatse ba ne.

MaiKatalogi:

Na gode ƙwarai. Jadawali da tebura masu take da takardar guraben kwamiti suna hannuna, zan yi su ba sai na nemi izini ba. Katin launi sai na kai wa shugaba. Malama, teburan a cikin babban zauren za a jera su ko a wani ɗaki daban?

BayanKanta:

Daban, in akwai. In babu, can ƙarshen zauren, nesa da lasifika da ƙofar shiga. A kashe kiɗa lokacin hutu.