Raguna huɗu, wata huɗu, ribar dubu 20: a ina na kuskure?

Malamin firamare, Gumel:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa na ce bari in kawo shi gabanku. A farkon Fabrairun 2025 na kwashi adashi, ranar Alhamis na shiga kasuwar Maigatari na sayo raguna huɗu, Uda biyu, 'Yankasa biyu, duka a kan naira dubu 480. Na ɗaure su a turke bayan gida. Kullum kafin in tafi makaranta ni ke zuba musu dusa da kowar wake, da yamma yara su ɗebo musu ruwa. Duk abin da na kashe na rubuta a bayan wani tsohon littafin rajista. Abinci ya ci dubu 230. Magani, kuɗin mota, la'ada da kuɗin shiga kara suka ci dubu 40. Babbar Sallah ta kama 6 ga Yuni. Uku na sayar dubu 640, na huɗun na riƙe shi ina jiran tayi mai kyau har jajibere ya wuce, bayan Sallah da sati biyu na sallama shi dubu 130 ga wani mai bikin suna. Da na haɗa na cire, dubu 20 ce ta rage mini, ban sa wahalata ba, ban sa ta yara ba. Ga shi kaka ta zo, adashi zai sake zagayowa kaina, maiɗakina tana cewa in sa kuɗin a hatsi. Ni kuma raina yana kan kiwon. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini gaskiya.

Dattijo manomi, Ɗambatta:

Wa alaikumus salam. Malam, ɗana, ba ka faɗi ba, kuma ka gode wa Allah babu wanda ya mutu. Amma dubi lissafinka da kyau, kusan rabin kuɗin ragunan ka sake zubawa a cikinsu. Nan ribarka ta tafi. Yaushe ka sayi harawa? Na san amsar: kullum da ƙunshi-ƙunshi, a watan Afrilu da Mayu, lokacin da mai harawa yake sarki.

Abin da samari ba sa lura da shi, Sallah tana matsowa baya da kamar kwana 11 kowace shekara. A 2023 ta zo 28 ga Yuni, a 2024 ta zo 16 ga Yuni, a 2025 ta zo 6 ga Yuni, ta 2026 kuwa ƙarshen Mayu ce. Ke nan watannin turke duk sun faɗa cikin rani da bazara, ba ciyawa ko tsinke a daji, rumbun kowa ya yi ƙasa. Da can, lokacin da Sallah take zuwa bayan kaka, ko ragon malalaci ƙiba yake yi. Yanzu ba haka ba ne, kuma shekaru masu zuwa ma a cikin rani za ta yi ta faɗawa.

Ni ba na sayen rago sai na ga abincinsa a kan rufin ɗaki. Yanzu da ake cirar gyaɗa, ina bin gonaki ina sayen harawa tun tana kore, in shanya ta a inuwa don ganyen kada ya kakkaɓe, domin ganyen shi ne abincin, karan banza ne. Kowar wake ina cusa ta a buhu tun a masussuka. Idan sanyi ya shiga jikokina suna tsinto 'ya'yan gawo, mu daka mu haɗa da dusa. Abin da nake saya da kuɗi a rani dusa ce kaɗai da ɗan angurya. Ka raba kuɗin adashin nan biyu, ka sayi abinci yanzu, raguna kuma ko uku ne sun isa.

Uwargida, Funtuwa:

Baba ya faɗi gaskiya. Ni dai Malam ba na kiwon Sallah, tumaki mata nake riƙewa, shekara tara ke nan. Da tunkiya ɗaya na fara, wadda mahaifiyata ta ba ni bayan haihuwata ta biyu. Cikin tunkiya wata biyar ne, idan tana ƙoshi za ta ba ka haihuwa uku a shekara biyu, 'Yankasa kuma wani lokaci tagwaye take zubowa. Ɗan da aka haifa a gidanka ba ka biya kuɗin sayensa ba, ba ka biya mota ba, ba ka biya dillali ba. Matan nake bari, mazan in sun shekara in sayar wa masu suna, su kuwa masu suna ba su da wata, kowane mako ana haihuwa a unguwa.

Abincinsu rabi daga madafa yake fitowa. Ƙasarin da na wanke gero, dusar da aka surfa, ɓawon wake idan na yi alala ko ƙosai, har maƙwabta sun san ni, yara suna kawo mini nasu a bokiti. Takin ma ba na zubarwa, ina tarawa a buhu, masu lambu suna zuwa har ƙofar gida su saya, kuɗin kanwa da gishirinsu daga nan yake fita.

Amma in gaya maka abin da ya sa ni kuka. Babbar tunkiyata, uwar garken, na riƙa sakinta da rana tana zaga unguwa don in rage cin dusa. Sai ta fara ramewa, tana cin abinci kaɗan ta bari, ciki kuma ga shi tim kamar mai juna biyu. Na ba ta maganin tsutsa har sau biyu, shiru. Ranar da ta kasa tashi maigida ya kira mahauci. Da aka farke tumbin, leda ce cunkus, baƙa da fara, ta murɗe ta zama kamar igiya, har da guntun tsumma. Na tsaya ina kallo na kasa magana. Tun daga ranar ko ɗan tunkiya bai ƙara taka waje ba, kuma duk ledar da ta shigo gidana a murhu take ƙarewa.

Dillali, kasuwar Wudil:

Malam, na san ana zaginmu, wasunmu kuma sun ja wa sana'ar zagi, ban musa ba. Amma shekara 20 ina cikin kara, bari in faɗa maka inda nake ganin masu albashi suna faɗuwa. Kuna zuwa sayen ragon turke sai idonku ya tafi kan wanda ya riga ya yi kyau. Wannan wani ya gama cin ribarsa. Ragon turke ramamme ake nema, mai dogon ƙashi, mai faɗin ƙirji, mai tsayin baya, wanda yunwa ce kawai ta kayar da shi ba ciwo ba. Buɗe bakinsa. Idan ya yi famfara manyan haƙora biyu sun fito a gaba, ya haura shekara, ya isa layya ba gardama, kuma ƙashinsa ya kusa gama girma, abin da ya ci nama zai zama. Ƙaramin da bai fasa haƙori ba, tsawo zai yi ta yi da dusarka. Ka duba ido, ka duba kunne, ka sa a ja shi ya yi tafiya. Mai ido ɗaya, mai ɗingishi, mai yankakken kunne sosai, mai layya ba zai taɓa shi ba komai ƙibarsa.

Sai maganar na huɗun nan. Nawa aka taya maka shi kafin Sallah ka ce albarka? Ina da tabbacin ya fi dubu 130. Kasuwar rago tana da kwanakinta, daga saura kwana goma zuwa saura uku, lokacin da 'yan lodin Legas da Fatakwal suke cika motoci. Da motocin nan sun tashi, saura mai neman araha. Wata shekarar jajibere yana yin wuta idan dabbobi sun yi ƙaranci, amma wannan caca ce, mai rago huɗu ba shi da ƙarfin yin ta.

Malamin firamare, Gumel:

Alhaji, kamar kana wurin. Dubu 185 aka taya saura kwana biyar, na ce sai 200. Kuma biyu daga cikinsu ban ko buɗe bakinsu ba da zan saya, launinsu ne ya burge ni.

Malamin dabbobi, Zariya:

Ina so in ƙara abin da ba ya fitowa a littafin lissafi sai ranar da ya fito gaba ɗaya. Bara an kira ni wani gida, mutum yana da tumaki 11 lafiyayyu, ya sayo biyu a kasuwa ya zuba su cikin garke a daren. Kafin sati biyu majina ta toshe musu hanci, baki ya yi gyambo, zawo kamar an buɗe famfo. Cutar nan ce da muke kira PPR. Ta fi kashe awaki, amma tumaki ma ba ta ƙyale su. Shida suka tafi, yawanci ƙanana. Ba ta da magani idan ta kama, sai dai a taimaka wa dabbar da na kashe ƙwayoyin cuta da ruwa, amma tana da rigakafi, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin ta, allura ɗaya tana kare dabba shekara uku. Kwalbar ta dabbobi da yawa ce kuma da an haɗa ta ba ta kwana, don haka ku haɗu da maƙwabta a yi muku rana ɗaya. Duk sabon da ka sayo, ka ɗaure shi nesa da sauran sati uku, kwanon ruwansa daban.

Abu na biyu ya shafi masu turke kai tsaye. Rago namiji da ake ɗura wa dusa zalla, ba isasshiyar harawa, ba isasshen ruwa, tsakuwa tana taruwa ta toshe masa mafitsara. Za ka gan shi yana miƙa, yana nishi, yana karkaɗa wutsiya, fitsari ɗigo-ɗigo ko babu sam. Sau da yawa ragon da ya fi kowanne kyau shi take kamawa, saura sati biyu Sallah. Ruwa kada ya yanke a gabansa, a sa ɗan gishiri don ya sha da yawa, harawa kuma kada ta gaza. Haka ragowar tuwo ko tsabar masara da yawa lokaci guda, ciki zai kumbura ya kashe shi a dare ɗaya. Idan za a ƙara abinci, a ƙara kaɗan-kaɗan cikin kwanaki.

Ina roƙonku don Allah, ku daina yi wa rago allura ana jibi Sallah don ya yi kuzari a kasuwa. Kowane magani yana da kwanakin da ake jira kafin a ci naman, a rubuce suke a jikin kwalbar. Naman nan yara ne za su ci.

Makiyayi, Maraɗi:

Gaisuwa ga 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan wagga shekara wani darasi muka koya. Na yi turken Balami biyar, na saba duk shekara baƙi daga ƙetaren iyaka suke ɗauke su, don su ke biyan kuɗin babban rago. Sai ga shi cikin watan Mayun 2025 gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi waje, don talakan gida ya samu na layya. Ragunan da na ciyar don Kano da Legas, dole na nemi mai saye a nan, shi kuwa na gida matsakaici yake nema. Biyu na sayar da asara. Dama tun da naira ta faɗi, in ka sayar can ka canzo zuwa sefa jikkunan ba su da auki kamar da. Ba na zargin kowa, amma badi zan haɗa, manya biyu, matsakaita uku, kada kasuwa guda ta riƙe mini wuya.

Dattijo manomi, Ɗambatta:

Shi ya sa ni ban yarda mai ƙaramin ƙarfi ya fara da Balami ba. Kyau kam babu kamarsa, fari tas, ga dogon kunne, ga tsayi. Amma cinsa ya yi na 'Yankasa biyu, kuma masu iya sayensa ƙidayayyu ne.

Dillali, kasuwar Wudil:

Baba, a nan kam zan ɗan saɓa maka, ka yi haƙuri. Ribar Balami guda da ya samu hannu takan fi ta 'Yankasa uku, na sha gani da idona. Sai dai sharaɗinsa ka san wanda zai saya tun kafin ka ɗaure shi. Wanda ba shi da Alhajin da zai kira a waya, maganarka ce daidai.

Matashi mai walda, Rigasa, Kaduna:

Ni nawa biyu ne suka same ni a shekara guda. Na farko bashi. Wani ma'aikaci da muke sallah a masallaci ɗaya ya ɗauki ragona ya ba ni rabi, ya ce saura idan an yi albashi. An ci naman, an yi albashi har sau huɗu, yanzu idan ya hango ni sai ya canza layi. Kunya ta hana ni kai ƙara, don yaransa abokan ƙannena ne. Na biyu, saura kwana tara Sallah aka haura katanga da asuba aka kwance mini ɗaya, ko kukansa ba mu ji ba. Igiyar na tarar an yanke ta da reza. Yanzu da watan Zulƙida ya kama nake fitar da katifata rumfar ragunan, na kuma sa wa kowanne ƙararrawa a wuya. Wanda ya zo da maganar rabi kuwa, in ce masa ya ajiye rabin a wurina tun Ramadan yana ƙarawa, ranar da ya cika ya ja ragonsa. Mutum biyu sun yarda da hakan bana, kuma da kuɗinsu na sayi dusa.

Uwargida, Funtuwa:

Ƙanena, Allah ya mayar maka da alheri. Wannan dabarar ta ajiya zan gwada ta da masu jiran haihuwa. Malam kuma, kada ka yi watsi da maganar maiɗakinka. Idan kun sayi gero da wake yanzu, dusar da kowar ai a gidanku za su zauna. Ka saya mata tunkiya ɗaya mai ciki ta zama tata, za ka ga yadda za ta kula da ragunan naka ma.

Malamin firamare, Gumel:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Jiya bayan la'asar na je gonar wani ƙanin mahaifina da ke cirar gyaɗa, mun yi ciniki, zai kawo mini harawa amalanke biyu ranar Asabar, na riga na share rufin shago. Raguna uku zan saya a Janairu, kuma zan tafi da wanda ya iya duba haƙori. Maganar tunkiyar ma mun yi ta da maiɗakina daren jiya, ta ce Uda take so. Malamin dabbobi, tambaya ɗaya ta rage mini: idan na sayo mai cikin, zan iya ba ta farin maganin tsutsar nan da nake ba ragunan, ko in dakata?

Malamin dabbobi, Zariya:

Idan albendazol kake nufi, kada ka ba ta a farkon ciki, yana iya taɓa ɗan. Ka tambayi mai ita yaushe rago ya hau ta, in bai sani ba ka kai ta asibitin dabbobi a duba kafin ka ba ta komai.