Wace kyamara ta dace da hoton infirared? Kowa ya kawo abin da ya gwada

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayar nan ta yawaita, gara mu tattara amsa wuri guda. Sensar kyamara, wato ɓangaren da ke karɓar haske ya zama hoto, tana ganin haske har kusan nanomita 1100 (ma'aunin tsawon zangon haske ke nan), ido kuwa a wajen 700 yake tsayawa; rarar da ido ba ya gani ita ce infirared. Kamfani ne ke sa gilashi a gaban sensa don ya tare wannan rarar. Gwajin farko mai sauƙi ne: a nufi kyamara da rimot ɗin talabijin a danna maɓalli. In fitilar rimot ta haska sosai a allo, gilashin ba shi da ƙarfi, filta irin Hoya R72, mai tare hasken ido ta bar infirared ya wuce, za ta yi aiki a bakin lensi. In da ƙyar ake ganinta, kowane hoto zai ci daƙiƙoƙi da yawa ko da tsakar rana ne, dole sai da mazauni mai ƙafa uku, ganye kuma zai fito a dusashe saboda iska.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Shi ya sa nake cewa a sayi kyamara mara madubi (mirrorless) ta hannu, a kai a cire mata gilashin. Dalilin zaɓen mara madubi shi ne saiti, wato fokas. Infirared ba ya haɗuwa a inda hasken da muke gani yake haɗuwa. DSLR, wato kyamara mai madubi a ciki, tana auna saiti da wata 'yar sensa daban wadda aka daidaita wa hasken ido, sai hoto ya fito da laushi, musamman a f/2.8, inda ƙofar lensi ke buɗe sosai. Mara madubi kuwa daga kan babbar sensa take aunawa, abin da ka gani shi za ka samu. Mai DSLR ya riƙa ɗauka ta allon baya. Tsofaffin lensi suna da jan ɗigo a jikinsu: a saita da ido, sannan a matsar da alamar nisa kan ɗigon.

Maman Khalil: Injiniya, ka bar babbar matsalar: lensi. Wasu masu tsadar gaske suna barin tabon haske a tsakiyar hoto, domin shafen da ke cikinsu an yi shi ne don hasken ido, infirared kuwa sai ya yi ta kai-komo tsakanin gilashi da sensa. A gwada haka: a ɗauki sararin sama a f/4, f/8 da f/16. In akwai tabo, a f/16, inda ƙofar lensi ta fi tsukewa, zai fito fili, gefensa a yanke. Lensi mai zum sai an gwada shi a duk tsawonsa, don wani a ƙarshe ɗaya kawai yake yi. Ni a ganina a fara samun lensi mai tsabta, sannan a nemi kyamarar da ke ɗaukarsa. A kuma tsaya tsakanin f/5.6 da f/8, domin kaifin hoto yana raguwa da wuri a wannan haske.

Baban Amira: Gaskiya ne, Hajiya. Batun filtar ciki fa, wadda ake sakawa a gurbin gilashin da aka cire?

Maman Khalil: Ta nanomita 590 tana barin launi da yawa, 720 tana ba da farin ganye da ɗan launi, 850 baƙi da fari ce zalla, sama ta yi duhu ƙirin, amma tana neman ƙarin haske. Wanda bai yanke shawara ba ya sa a saka masa gilashi garau, ya riƙa canza filta a bakin lensi. Wannan ma mara madubi yake so, don a DSLR tagar leƙawa baƙi za ta yi.

Alhaji Mai Hoto: Kada a sayi kyamarar da ba ta ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Hoton yana fitowa jajir, sai an daidaita fari (white balance) a kan koriyar ciyawa da ke cikin rana. Wasu kyamarori suna ƙin karɓa saboda jan ya yi yawa, Lightroom kuma, manhajar gyaran hoto, ba ya sauka ƙasa da 2000K a ma'aunin daidaita fari, sai an haɗa masa furofayil da DNG Profile Editor. Mai son sama shuɗiya ya musanya ja da shuɗi a Channel Mixer na Photoshop. A lura kuma, Canon EOS Ra da 60Da na hoton taurari ne, an buɗe su ne don jan haske na nanomita 656, ba a cire musu gilashin ba. Sigma sd Quattro kuwa gilashinta a bakin mahaɗar lensi yake, ana cire shi a mayar ba tare da an kwance komai ba.

Injiniya: Ƙarin gwaji ɗaya bayan an cire wa kyamara gilashin: a rufe lensi da murfi a ɗaki mai duhu, a sa ISO (ƙarfin jin haske na sensa) a 3200, a ɗauki hoto na daƙiƙa 30. Wasu kyamarori suna da 'yar fitilar infirared a ciki mai lura da shata (labulen da ke buɗe wa sensa haske), sai ta bar hazo a gefen hoto. Mai niyyar kwance kyamara da kansa ya sani garanti ya tafi, ƙurar da ta shiga ƙarƙashin sabon gilashi ba ta goguwa sai an sake kwancewa, kuma kafasitar filasha, wato ma'ajiyar wutarta, tana riƙe wuta wajen bolt 300 ko bayan an cire batir.